Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Ajin Koyar da Kiɗan Fim

Assalamu alaikum. Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban wannan aji muna yi maka lale marhabin, kai da 'yan rakiyarka. Sannunku da hanya.

Ka iske mu muna nazarin rayuwar wani makaɗi ɗan Amurka, Danny Elfman, wanda aka haifa a Los Anjeles a 1953. Mun zaɓe shi ne domin hanyar da ya bi ita ce akasarin ɗalibanmu ke kai: ya fara da waƙar dandali, bai yi makarantar kiɗa ba, daga baya ya koma yi wa finafinai kiɗa. Yana saurayi ya zaga Afirka ta Yamma, ya bi ta Gana da Mali da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, yana tara kayan kiɗan gargajiya. Da ya koma gida ya shiga ƙungiyar wasan da wansa Richard ya kafa, a 1979 kuma ya mayar da ita ƙungiyar kiɗan rok mai suna Oingo Boingo, shi ne mai rubuta waƙa, shi ne mai rerawa.

A 1985 darakta Tim Burton ya ba shi aikin kiɗan fim ɗin Pee-wee's Big Adventure. Elfman bai taɓa rubuta wa babban ayarin makaɗa kiɗa ba, sai ya jawo mai kaɗa jitar ƙungiyarsu, Steve Bartek, ya riƙa raba wa kowane kayan kiɗa nasa rabon a takarda. Sun ci gaba da aiki tare shekaru da dama. Kiɗan fim ɗin Batman na 1989 ya samar wa Elfman lambar yabo ta kiɗa ta Grammy, a shekarar kuma aka fara jin taken shirin talabijin na The Simpsons da ya tsara. Ƙungiyar Oingo Boingo ta yi wasan bankwana a 1995, kuma ɗaya daga cikin dalilan da ya bayar shi ne ƙarar dandali ta lahanta masa ji. An sa sunansa a takarar Oscar sau 4.

Ranka ya daɗe, abin da muke son ɗalibi ya ɗauka a nan shi ne yadda aikin ya bambanta. Waƙar dandali minti 3 ko 4 ce, da baiti da amshi, gudunta ɗaya daga farko har ƙarshe, mawaƙi ne mai gida. A fim hoto ne mai gida. Wani kiɗan daƙiƙa 20 kacal yake yi, kuma dole ya tsaya daidai lokacin da aka buɗe ƙofa, ko da bai kai inda makaɗi ke jin daɗinsa ba.

Matakin farko zama ne da darakta bayan edita ya gama yanka. Ana kallon fim ɗin fitowa bayan fitowa, a rubuta inda kowane kiɗa zai shiga da inda zai fita, da awa da minti da daƙiƙa da furem, wato kowane hoto guda daga cikin hotunan da ake jerawa su zama fim. Sannan a yi lissafin gudu. Fim mai furem 24 a daƙiƙa, idan aka sa kiɗa a bugu 120 cikin minti, kowane bugu ya ci furem 12, da haka ake sanin ko bugun ganga zai faɗa kan yankan hoto. Masu kaɗawa suna jin wannan bugun a kunne yayin ɗauka, don kada wani ya riga wani.

A nan ne ɓarna ta fi yawa. Idan makaɗi ya yi aiki a kan kwafi mai furem 24, edita kuma ya fitar da fim a furem 25, kiɗa zai riƙa zamewa kusan daƙiƙa 2 da rabi a kowane minti. Sautin fim ana ɗaukarsa a kilohaz 48, wato na'ura tana auna sautin sau dubu 48 a daƙiƙa, yawancin sutudiyon waƙa kuwa sun saba da 44.1, in aka karanta na 44.1 a matsayin na 48 ba tare da an juya shi ba, kiɗan zai ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin 100, muryarsa ta yi sama. Sai furodusan da zai sake yanke fitowa bayan an gama kiɗa bai gaya wa kowa ba. Wannan, a gaskiya, ba na'ura ce ke maganinsa ba, yarjejeniya a rubuce ce.

Akwai kuma rigima da magana. Jita da fiyano suna cika wurin da baƙaƙen magana ke fitowa, tsakanin kilohaz 1 zuwa 4 a ma'aunin kaifin sauti, sai mai kallo ya ji murya amma bai gane kalma ba. Namu ya fi wuya, domin kalangu yana bin hawa da saukar harshe, in aka sa shi ƙarƙashin zance tamkar mutum biyu ne ke magana lokaci guda. Shi ya sa muke koyar da miƙa kiɗa kashi-kashi, ganguna daban, na tsirkiya daban, na busa daban, amshi daban, don mai haɗa sauti ya rage wanda ya tsaya wa magana a gaba ya bar sauran.

Masana'antarmu ta Kannywood ta ƙware a waƙar fim, amma kiɗan da ke bin labari sau da yawa daga intanet ake ɗebo shi, wanda hakan kan jawo ƙarar haƙƙin mallaka idan an ɗora fim a YouTube. Don haka muna roƙo, ranka ya daɗe, a taimaka mana da ɗakin ɗaukar sauti wanda ƙarar janareta ba ta shiga, da wuta mai tsayawa, da malamin da zai koyar da rubutun kiɗa, domin irin aikin Bartek ne muka fi rashi. Muna kuma roƙon ma'aikatarka ta ja hankalin furodusoshi su riƙa sa kuɗin kiɗa a kasafin fim tun farko, da sunan makaɗi a jerin ma'aikata.

Ɗalibai sun shirya fitowa guda ta minti 2 da za su nuna maka sau biyu, da kiɗa da kuma babu kiɗa. Bismillah, ranka ya daɗe, ɗakin yana hannun dama. Allah Ya mayar da kai gida lafiya.