Tallar Littattafan Harry Potter da Rigimar Hana Karanta Su a Amurka

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai da sauran jama'ar da suka halarci wannan zama.

Littafin farko na Harry Potter, labarin wani yaro da ke koyon tsafi, ya fito ne a Landan a 1997 daga kamfanin Bloomsbury, kuma tun kafin ya shiga kasuwa lissafin ciniki ya riga ya taɓa shi, domin an nemi marubuciyar ta taƙaita sunanta zuwa J.K. Rowling, don gudun kada yara maza su ƙi littafin da mace ta rubuta. Da kamfanin Scholastic ya kai shi Amurka a 1998, sai ya sauya masa suna, dutsen masanin falsafa ya koma dutsen matsafi, bisa hasashen cewa kalmar falsafa ba za ta ja hankalin yaron Amurka ba.

Ina so ku riƙe wannan sauyi da kyau, domin tsafin da 'yan kasuwa suka fito da shi kan bango shi ne abin da iyaye da wasu limaman coci suka kama. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta ce tsakanin 2000 da 2009 babu littattafan da aka fi neman a kwashe daga kanta kamar waɗannan. A Disambar 2001 wata coci a Alamogordo da ke jihar New Mexico ta cinna musu wuta a bainar jama'a, labarin ya zaga duniya, ya kuma zame wa mawallafa talla ta kyauta.

Shari'ar Cedarville a jihar Arkansas ta fi ba ni sha'awa. Hukumar makarantun garin ba ta ƙona komai ba, sai dai ta ɗauke littattafan daga kanta, ta ce duk ɗalibin da ke son aro ya kawo takardar izini daga gida. Iyayen wata yarinya suka kai ƙara, kuma a 2003 kotun tarayya ta umarci a mayar da su inda suke. A ganina uba na da cikakken iko ya hana ɗansa littafin da bai yarda da shi ba, amma hukumar ta zarce wannan iyaka, ta sa wa duk yaron da ya nemi littafin tambarin zargi.

Duk wannan ƙura ba ta rage ciniki ba. Tun daga littafi na huɗu a 2000 kantuna suka riƙa buɗewa da tsakar dare ranar fitowa, yara na layi cikin shigar matsafa, kuma da na bakwai ya fito a Yulin 2007, Scholastic ya sayar da kwafi miliyan 8.3 a Amurka cikin awa 24.