Mata da makirufo a waƙar dancehall ta Jamaika

Malamai da ɗalibai, barkanku da yamma. Na san da an ambaci dancehall abin da ke faɗo wa wasunku a rai: matsattsun kaya, gashin kanti mai launi, rawa ta fitar hankali. Akwai wannan, kuma wasu baitocin ni kaina ba zan iya maimaita su a zauren nan ba. Amma ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

A unguwannin talakawa na Kingston, babban birnin Jamaika, aka haifi kiɗan nan, ƙarshen shekarun 1970. A jibge manyan lasifikoki a bakin titi, wani na saka faifai, wani na riƙe da makirufo yana zuba baiti har asuba. Makirufon nan na maza ne. Mace ta zo ta yi rawa, a yabe ta ko a zage ta, ba ta da bakin ramawa.

Matan suka ce ba su yarda ba. Lady Saw ta mayar wa maza martani da irin harshensu, aka yi mata ca, ta ƙi ja da baya, har ta ci kyautar Grammy, babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka, a 2004. A 2018 Spice ta saka hotonta fata fara sol, gari ya ɗauka ta yi bilicin, ashe kwalliya ce: so take ta tona yadda ake raina baƙar mace a ƙasar baƙaƙe. Wannan ciwon, 'yan'uwana mata, mu ma mun san shi.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Sister Nancy. Tana da shekara ashirin ta yi waƙar "Bam Bam" a 1982. Waƙar ta zaga duniya, mawaƙa suna yankar muryarta suna ɗorawa a nasu, ita kuwa tana New Jersey ta Amurka, tana aikin akanta a banki. Shekara 32 ba a biya ta haƙƙinta ba! Sai a 2014 'yarta ta ji muryar uwar a tallar kamfanin takalma na Reebok a talabijin. Nancy ba ta tsaya kuka ba, lauyoyi ta nema. Aka biya ta na shekara goma, aka ba ta rabin mallakar waƙar. Wannan ƙarfin halin ya fi na kan dandamali wuya, don babu mai tafa maka a ofishin lauya. A 2016 ta ajiye aikin banki, ta koma ta ɗauki makirufonta.