Me ya sa rumbun bayanai ke ƙin umarnin da ya karɓa jiya?

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi allon nan. Wannan tebur ne na wani kantin magani, an sa masa suna ciniki, kuma cikinsa akwai gurbin lambar rasit. Ina son in zaro rasit mai lamba 4521, sai na rubuta: SELECT * FROM ciniki WHERE rasit = 4521. Jiya wannan umarni ya yi aiki lafiya lau. Yau da na danna, ga jan rubutun da SQL Server, wato manhajar rumbun bayanan da teburin ke ciki, ya watso mini: "Conversion failed when converting the varchar value 'babu' to data type int."

Kada ku yi saurin rufe saƙon, domin rabin maganin yana cikinsa. Cewa yake ya yi ƙoƙarin mayar da kalmar "babu" ta zama adadi, abin ya faskara. To ina ruwan 4521 da "babu"?

Ga yadda abin yake. Duk gurbin da ke cikin tebur yana da nau'in abin da aka ce ya riƙe tun ranar da aka gina shi: wani na adadi ne, wani na rubutu, wani na kwanan wata. Gurbin rasit ɗin nan na rubutu ne, wato varchar. Ni kuwa na ba shi 4521 tsirara, ba tare da 'yan waƙafin nan na sama ba, saboda haka a wurin injin adadi na kawo. Rubutu da adadi ba sa gwaduwa sai an mayar da ɗaya ya koma ɗan'uwansa, kuma a ƙa'idar SQL Server adadi ne ke rinjaye. Sai ya kama layukan teburin ɗaya bayan ɗaya yana juya lambar kowane rasit. Yana cikin tafiya ya ci karo da layin da mai shigar da bayanai ta rubuta "babu" da safiyar nan, don mai sayen maganin ya tafi bai karɓi takarda ba. Nan ya cije. Umarnina bai canza ba tun jiya, abin da ke cikin teburin ne ya canza. Kuma ba laifinta ba ne, gurbin ne ya bar ƙofa a buɗe.

Kowane rumbu da irin halinsa a wannan wuri. Oracle ma juya rubutun yake yi, in ya kasa ya ce ORA-01722, invalid number. PostgreSQL ba ya ma bari a kai can. Tun daga siga ta 8.3 da ta fito a 2008 aka rage masa irin wannan juye-juye na ganin dama, don haka tun a bakin ƙofa zai tare ka da "operator does not exist: character varying = integer", ko da kuwa babu gurɓataccen layi ko ɗaya a teburin. Masu aiki da Microsoft Access kuma sun san nasu: "Data type mismatch in criteria expression", wanda yakan fito in ka sa waƙafin sama a kan lambar da gurbinta na adadi ne, ko akasin haka.

Ni dai duk waɗannan ba sa ɗaga mini hankali, don mai faɗa maka a fuska ya fi mai yi maka shiru. Wanda nake tsoro shi ne MySQL. Bari in gwada muku. Na rubuta WHERE rasit = 0. Babu kuskure, babu jan rubutu, sai ga layin "babu" ya fito cikin sakamako. Dalili kuwa, idan MySQL zai gwada rubutu da adadi, yakan karanta alƙaluman da ke farkon rubutun, in bai sami ko ɗaya ba ya ɗauke shi a matsayin sifiri. Haka nan in na nemi 4521, zai haɗo mini har da rasit 4521A, don ya karanta alƙaluma huɗun ya watsar da harafin. Gargaɗi yana nan, amma sai ka rubuta SHOW WARNINGS za ka gan shi, kuma wa ke dubawa? Bayan haka ga wata asara: ba zai iya amfani da fihirisar gurbin ba, wato jerin da rumbu ke ajiyewa don gano layi da sauri, dole ya bi teburin kaf. A layi ɗari biyar ba za ka ji komai ba. Ranar da suka kai miliyan biyu, ranar za a fara cewa intanet ne ba ƙarfi.

Yanzu gyara. Kafin ka taɓa umarnin, je ka ga ainihin nau'in gurbin da idonka, kada ka dogara da abin da kake tunawa. A MySQL rubuta DESCRIBE ciniki. A psql, wato manhajar ba PostgreSQL umarni, rubuta \d ciniki. A SQL Server duba INFORMATION_SCHEMA.COLUMNS. Ga shi nan: rasit, varchar. To sai in sa waƙafin sama: WHERE rasit = '4521'. Na danna, ya fito nan take, kuma fihirisa ta yi aikinta.

Akwai kuskuren da nake yawan gani a nan, ni ma na sha yin sa ina sabon shiga. Mutum ya ga saƙon, sai ya naɗe gurbin cikin CAST, wato ya tilasta a juya dukan layukan su zama adadi. A PostgreSQL saƙon farko zai ɓace, ka yi murna, sai "babu" ta sake tare ka a gaba, ga fihirisa ta tashi a banza. In juyawa ta zama dole, juya ƙimar da ka kawo, ka bar gurbin yadda yake. Haka kuma in daga manhaja umarnin ke zuwa, duba abin da take turawa, don sau da yawa a can ne rubutu ke rikiɗa ya zama adadi kafin ya iso.

In kuwa kana son zaƙulo layukan da suka gurɓace, SQL Server yana da TRY_CAST tun sigar 2012. Maimakon ya tsaya, sai ya mayar da NULL, wato babu komai, ga duk abin da ya ƙi juyuwa. Na rubuta WHERE TRY_CAST(rasit AS int) IS NULL AND rasit IS NOT NULL, ga su sun fito su uku: "babu", da 4521A, da wani da aka buga harafin O a gurbin sifiri. Wannan na ƙarshen ko ka ƙura masa ido da ƙyar ka gane.

Sai tambayar da ta kamata a yi tun ranar gina tebur: wannan lambar lissafi ake yi da ita, ko suna ce kawai da aka rubuta da alƙaluma? Ɗauki lambar waya a Najeriya. Alƙaluma 11 ce, kuma da sifiri take farawa. Ka zuba ta a gurbin adadi, sifirin farko ya tafi, 0803 ta koma 803. Sauran alƙaluma 10 ɗin ma ba za su shiga INT ba, wato gurbin adadi na yau da kullum, don iyakarsa 2,147,483,647, ita kuwa ta haura biliyan 8. Ka koma BIGINT, gurbin manyan adadi, ta shiga, amma sifirin bai dawo ba. Ba wanda ke tara lambobin waya biyu ya nemi jimilla, to me ya kai ta gurbin adadi? Haka NIN da BVN masu alƙaluma 11, da lambar asusun banki mai alƙaluma 10, duk gurbin rubutu ne wurinsu. Ku lura da Excel ma, don yakan cinye sifirin tun kafin fayil ɗin ya iso rumbu.

Kwanan wata kuma yana da nasa tarkon. A SQL na Access, in ka rubuta #03/04/2024# kana nufin 3 ga Afrilu, shi 4 ga Maris zai karanta, don tsarin Amurka yake bi, wata kafin rana. Abin haushin, in ka rubuta #13/04/2024#, tunda babu wata na 13, sai ya juya da kansa ya karanta daidai. Kenan rahotonka zai yi daidai daga 13 ga wata zuwa ƙarshe, ya karkace a yawancin kwanakin farko, kuma ba saƙon da zai fito. Rubuta shekara, sannan wata, sannan rana, kamar #2024-04-03#. Bari in sake dannawa ku gani: cinikin 3 ga Afrilu, layi 17, daidai da abin da ke cikin littafin kantin.