Kuɗin Kwali da Kuɗin Mota: Inda Ribar Mai Sayarwa a Intanet Take Zurarewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa masu sana'a, maza da mata, sannunmu da zuwa.

Yawancin waɗanda ke zaune a nan atamfa da leshi suke sarowa a Kantin Kwari, wasu turaren wuta da humra, wasu yaji da kilishi, su tallata a WhatsApp ko Instagram. Kowa ya san nawa ya saro, nawa zai sayar. Amma in aka ce nawa leda da salatif da kuɗin ɗan sahu zuwa tasha suka ci a kan saƙo guda, sai a yi shiru. To a nan ribar take zurarewa, kamar ruwa a tulun da ya tsage.

Mu fara da awo. Kamfanonin kai saƙo irin su DHL ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwali. Za su auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, su ninka su, su raba da 5,000. Abin da ya fito su kwatanta shi da abin da sikeli ya nuna, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Ga misali. Kwali mai 40 da 30 da 20, in ka ninka 24,000 ke nan, a raba ya ba ka kilo 4.8. Ko da mayafai ne a ciki da ba su wuce kilo ɗaya ba, kuɗin kusan kilo biyar za a karɓa. Ka mayar da su kwali mai 30 da 20 da 10, lissafin ya sauko kilo 1.2. Ka ga a kwalin farko iska ka biya wa kuɗin jirgi. Galibinsu kuma suna cike awo zuwa rabin kilo na gaba, wato 2.1 ya zama 2.5. Wani lokacin yanke leɓen kwali kaɗai ya isa ya dawo da kai ƙasa.

Saboda haka abu biyu ba sa rabuwa da mai wannan sana'a: tef ɗin awo irin na tela, da ƙaramin sikeli. Ki auna kayan a ƙunshe kafin ki faɗa wa mai saye kuɗin aikawa. Wadda ta faɗi farashi da ka, ita za ta cika ragowar daga aljihunta.

Yadi ba ya buƙatar kwali sam. Atamfa ko shadda, a linke ta sosai, a sa a farar leda, a danne da gwiwa iska ta fita, a liƙe, sannan a sa a leda mai kauri wadda ba a hango abin da ke ciki. Leda biyun nan kada a yi musu rowa. Da damina ruwa na shiga but ɗin mota, da hunturu ƙura, kuma farar shadda ba ta yafiya.

Kwali kuwa ba lallai sabo ba. Masu shagon tireda suna da kwalayen taliya da biskit, da arha suke bayarwa, wani ma kyauta. Sai dai a zaɓa. Wanda ya taɓa jiƙewa ya mutu ko da ya bushe, domin takardar cikinsa ta saki, ana ɗora masa buhu zai lotse. Wanda aka zuba sabulu ko maganin sauro kada ya kusanci abinci. In ya yi girma, a tsaga kusurwoyinsa huɗu zuwa daidai tsayin kayan, a lanƙwasa. Salatif kuma layi uku ya wadatar a saman kwali, uku a ƙasansa: ɗaya a tsakiya inda baki ya haɗu, biyu a gefe da gefe. Naɗe kwali gaba ɗaya kamar ana ɗaurin karaya ɓarna ce kawai. A sayi babban naɗi a sari, a bar na ɗaiɗai.

Inda nake roƙon kada a yi tsimi shi ne kayan ruwa. Kwalbar humra ɗaya in ta zube, an yi asarar humrar, an ɓata kayan da ke kusa da ita, a sake biyan mota, ga ran mai saye ya ɓaci. Kada a cika kwalba fal, a bar ɗan sarari a wuya, saboda zafin mota yana sa ruwan ya kumbura ya turo murfi. A naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfo a bakin kwalbar kafin a murɗa murfin, kowace kwalba da ledarta, a tsayar da su, a cusa tsohuwar jarida ko ƙyallayen tela a tsakani. Sai ki ɗaga kwalin ki girgiza shi kusa da kunnenki. In kin ji ƙas-ƙas, da saura. Kuma turaren wuta da kilishi ba sa kwana a kwali ɗaya, kowa zai ɗauki ƙamshin ɗan uwansa.

Sai maganar hanya. Babbar asara ita ce fita tasha kullum da saƙo ɗaya. Ka tsayar da rana biyu a mako, ka sanar da masu saye tun farko. Kuɗin ɗan sahu zuwa tashar Unguwa Uku ko ta Sabon Gari a Kano, da a ce saƙo ɗaya ne zai ɗauke shi, sai ya rabu a kan goma. In kana da mutum biyar a Abuja, haɗa nasu a buhu guda, kowanne da sunansa, amintaccen mutum ya karɓa ya raba. Ka kuma ba mai saye zaɓi: ya je tasha ko ofishin kamfani ya karɓa da sauƙi, ko a kai masa har gida ya ƙara kuɗi.

Tasha ta fi arha, amma ba ta da lambar bin sawu. Don haka ka rubuta suna da lambar waya da maka, wato biro mai kaurin rubutu, a jikin ledar kanta, ka sa wata takardar a ciki, ka ɗauki hoton kayan da lambar mota, ka karɓi lambar direba, ka tura wa mai saye nan take. Kaya masu tsada, irin gwal ko waya, a bi da su ta kamfanin da ke ba da rasit.

Wata baiwar Allah daga baya ta yi tambaya a kan aikawa ƙasar waje. Hajiya, kafin ki karɓi kuɗin kowa, ki je ofishin kamfanin ko gidan waya ki faɗi ainihin abin da za ki aika. Turare mai sifirit a layin kayan da ke kamawa da wuta yake, ba kowane kamfani ke ɗora shi a jirgi ba. Kilishi da dambun nama kuma Ingila da Amurka suna hana shigar da irinsu daga nan, in jami'an kwastan suka gani ƙwacewa za su yi, kuɗin aikawar ma ba ya dawowa.