Wuƙaƙen Aljihu Biyar Masu Araha, da Abin da Ke Riƙe Ruwan Kowacce

Jama'a barkanmu da warhaka. Ga wuƙaƙe biyar na jera a kan tebur, duk na aljihu ne masu ninkewa. In aka haɗa kuɗinsu gaba ɗaya, ba lallai ba ne ya kai na wuƙa guda irin ta zamani mai tsadar nan. Biyu daga Faransa suke, ɗaya daga Jamus, ɗaya daga Japan, ɗaya kuma a Jamus aka haife ta amma a Afirka ta Kudu take zaune yanzu. 'Yar autarsu ta fito ne a 1929.

Duk maƙerin da zai ƙera wuƙa mai ninkewa, akwai tambayar da ke jiran sa: in an buɗe ta ana aiki, me zai hana ruwan wuƙar ya rufo a kan yatsun mai ita? Kowacce a cikin biyar ɗin nan da amsar da ta bayar, kuma a kan wannan nake so mu gwada su.

Mu fara da wadda ta fi kowa ƙarancin kaya. Sunanta Higonokami, daga garin Miki da ke lardin Hyogo a Japan, inda aka fara yin ta a ƙarshen ƙarni na 19. Ku duba da kyau. Fallen tagulla ne aka lanƙwasa biyu ya zama mariƙi, sai ruwan wuƙa, sai ƙusa guda da ta haɗa su. Babu sifirin, babu makulli. To me ke riƙe ta? Babban yatsanka. Kun ga ɗan harshen nan da ya leƙo a gindin ruwan? Japanawa suna ce masa chikiri. Da shi ake buɗe wuƙar, kuma in ta buɗe sai ya kwanta a bayan mariƙi ka danne shi da yatsa. Muddin kana danne, ba za ta rufe ba. Ka saki, ruwanka.

A da wuƙar 'yan makaranta ce, da ita suke fiƙe fensir. A watan Oktoban 1960 wani yaro ɗan shekara 17 ya kashe ɗan siyasa Inejiro Asanuma da gajeren takobi, sai aka tashi gangamin raba yara da wuƙa a faɗin ƙasar. Kasuwar Higonokami ta faɗi, maƙera suka yi ta rufewa. Yau gida ɗaya ne ya rage da ikon buga wannan suna a jikin wuƙa, wato Nagao Kanekoma. Sauran da za ku gani masu kama da ita, ko da aikinsu ya yi kyau, da wani sunan ake sayar da su.

Ta biyu ita ce wadda labarinta ya fi ba ni dariya. Douk-Douk, daga kamfanin Cognet da ke Thiers, garin maƙeran wuƙa na Faransa. Gaba ɗayanta abu shida ne: ruwa, mariƙin ƙarfe da aka lanƙwasa, sifirin, ƙusoshi biyu, da ɗan zoben ratayewa. Amsarta ita ce sifirin. Wani ƙarfe ne mai tauri a ɓoye cikin mariƙin yana danne gindin ruwan. Ba kulle ta yake yi ba, turjiya kawai yake yi. Ku saurari ƙarar da take yi in ta buɗe. Wannan sifirin ba ya wasa, don haka in za ka rufe ta, kauda yatsunka daga hanya tukuna.

Hoton da ke jikinta na wani dodo ne na al'adun mutanen Melanesiya, can tsibiran tekun Fasifik, domin don kasuwarsu aka ƙera ta a 1929. Mutanen can ba su wani karɓe ta ba. Sai aka juya da ita Arewacin Afirka, a nan ne ta yi kasuwa ta ban mamaki. Daga baya aka fitar da wani samfuri mai suna El Baraka, aka cire dodon aka sa tambarin Agadas na Buzaye a madadinsa, saboda masu saye Musulmi da ba sa son hoton halitta a jikin kayansu. Akwai kuma mai hoton kurege, akwai mai suna Tiki. Mai tara wuƙaƙe zai iya shekara yana bin 'yan gidan nan kaɗai.

Yanzu ga wadda kusan kowa ke farawa da ita, Opinel. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890 a yankin Savoie, cikin duwatsun gabashin Faransa. A 1897 ya fitar da ita girma goma sha biyu, daga lamba 1 zuwa lamba 12, kuma har gobe da lamba ake kiran su. Wannan da ke hannuna lamba 8 ce, tsawon ruwanta santimita 8.5, ita ce kuma aka fi sani. Tambarin hannu mai kambi da ke jikin ruwan, tun 1909 yake nan.

Shekaru sittin da biyar Opinel ta yi babu abin da ke riƙe ta sai matsin katako. A 1955 ne Marcel Opinel ya ƙara zoben nan da kuke gani a wuyanta, mai suna Virobloc. Ka buɗe wuƙa, ka murɗa zobe, ya toshe hanyar da ruwan zai bi ya koma. Shi ke nan. A 2000 aka gyara zoben yadda zai kulle ta ko tana rufe. Ƙananan lambobi, daga 5 zuwa ƙasa, ba su da shi.

Amma katako katako ne. In ya sha ruwa ko danshin iska sai ya kumbura ya matse ruwan wuƙar, ka yi ta ja da farce ta ƙi fitowa. Mutanen Savoie suna da dabararsu: a riƙe ta ta wajen zobe, a ƙwanƙwasa ƙarshen mariƙin a gefen tebur, sai tsinin ya leƙo. Kun gani? Ni dai ina shafa wa wajen ƙusar ɗan mai tun tana sabuwa, kuma ba na barin ta cikin kwanon wanke-wanke. A 1985 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya sa ta cikin kayayyaki ɗari mafi kyawun tsari a duniya. Wuƙar manoma ce fa.

Ta huɗu, baƙar nan mai hoton kyanwa tana tsalle, ita ce Mercator daga Solingen a Jamus, tun 1867. Rubutun K55K da ke jikinta ba wani sirri ba ne: K ta farko sunan Kaufmann ce, mai kamfanin, 55 lambar gidan da kamfanin yake, K ta biyu kuma ta Katze ce, wato kyanwa da Jamusanci. Kamfanin Otter ne ke yin ta yanzu. Makullinta na gaske ne. In ta buɗe, wani ƙarfe yana faɗawa cikin wani gurbi a gindin ruwan, kuma ba za ta rufe ba sai ka danna ɗan maɓallin nan na baya. Siririya ce, in tana aljihu sai ka manta da ita. Abin da za ka biya shi ne daɗin riƙo, domin mariƙin fallen ƙarfe yana cin tafin hannu in aiki ya yi tsawo.

Ta biyar Okapi ce. An fara ta a Solingen a 1902 don kasuwannin Afirka, a 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu. Sifirinta a waje yake, a kwance a bayan mariƙin katako, da zobe da za ka ja kafin ta rufe.

To sai maganar ƙarfe, inda masu tarawa suka fi yin musu. Yawancin waɗannan ana samun su iri biyu: ƙarfen kabon, da wanda ba ya tsatsa. Na biyun an zuba masa sinadarin kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke kare shi. Na kabon kuwa yana saurin ɗaukar kaifi a kan dutse, amma ka yanka lemo da shi ka ajiye bai bushe ba, gobe za ka tarar da jan tabo. Ku dubi wannan, ya yi toka-toka da ɗan shuɗi. Wannan ba tsatsa ba ce, launin da ƙarfen ke ɗauka ne in ana aiki da shi, yana ma taimakawa wajen tare tsatsar. Kada ku goge shi. Ni na fi son na kabon, amma wanda ya san ba zai riƙa share wuƙa bayan aiki ba, ya sayi ɗayan ya huta.

Ga gwajin da nake yi wa kowacce. Da farko ina wasa su duka a kan dutse ɗaya, domin wuƙaƙen wannan aji ba kullum suke fitowa daga masana'anta da cikakken kaifi ba, kuma ba adalci ba ne a gwada mai kaifi da dakusasshiya. Sannan tumatir, sannan kwali, sannan igiya. Ku kalli yadda Opinel ke ratsa kwalin nan. Sirrin ba kaifi kaɗai ba ne, ruwan ne siriri, bai da kaurin da zai cije a tsakiya. Wuƙa mai kaurin baya, ko nawa aka saye ta, tsaga abu take yi kamar gatari. Bayan haka ina buɗe ta in kama tsinin in girgiza hagu da dama, in ji ko ƙusar ta yi sako-sako. Sannan in rufe in duba ko tsinin ya shige cikin mariƙi sosai, don wanda ya leƙo zai huda aljihu, ko yatsa.

Kafin ka sa ɗaya a aljihu ka fita, duba dokar inda kake. A Ingila, misali, wuƙa mai ninkewa da ba ta kullewa, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, ita ce ake iya yawo da ita ba tare da hujja ba. Zoben Opinel da makullin Mercator sun fitar da su daga wannan rangwame. Jirgin sama kuwa, a jakar kaya ake sa ta.

A bidiyo na gaba zan ɗauki Higonokami ɗin nan, wadda ƙusarta ta saki har ruwan yana faɗowa da kansa, in ɗora ta a kan maƙera in ɗan bubbuga ƙusar da guduma, ku ga yadda ake dawo mata da matsinta.