Amsoshin Tambayoyinku: Wace ce Nina Simone, me ya sa ake ta maganar gidansu?

Jama'a barkanmu da warhaka, ga mu kuma a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙar farko daga wata mai sauraronmu ce a Maraɗi, ta ce ta ga ana ta yaɗa hoton wani tsohon gidan katako a Facebook wai gidan su Nina Simone ne a Amurka, to wace ce ita, kuma me gidan ya yi da ake ta ji da shi haka?

To Hajiya sannu da ƙoƙari. Mawaƙiya ce baƙar fata kuma gwanar piyano, sunanta na yanka Eunice Waymon, an haife ta a 1933 a wani ɗan ƙaramin gari Tryon da ke jihar Karolina ta Arewa. Uwarta mai wa'azi ce a coci, a nan yarinya ta fara taɓa piyano, har mutanen gari suka yi karo-karo aka biya mata kuɗin koyo. Amma fa a garin nan dai, ranar da ta yi wasa gaban jama'a tana ƴar yarinya, aka tashi iyayenta daga sahun gaba aka ce su koma baya turawa su zauna, ita kuwa ta tsaya kai da fata ta ce ba za ta kaɗa komai ba sai an dawo da su, kuma sai da aka dawo da su ɗin.

A 1963 aka harbe ɗan gwagwarmaya Medgar Evers, aka kuma tayar da bam a wani cocin baƙar fata a Birmingham ta jihar Alabama ya kashe yara mata 4, daga nan waƙoƙinta suka koma na neman ƴancin baƙar fata, wasu gidajen rediyo a kudancin ƙasar suka ƙi sa su. Ta rasu a Faransa a 2003.

Batun gidan kuwa, ɗaki 3 ne kacal, ya lalace har ana fargabar a rushe shi. A 2017 masu zane baƙaƙen fata su 4, cikinsu har da Julie Mehretu ƴar asalin Habasha, suka haɗa dala 95,000 suka saya, a 2018 ƙungiyar adana wuraren tarihi ta ƙasar ta shigo cikin aikin gyara. Tun 2010 dama akwai mutum-mutuminta a tsakiyar garin. Ni dai gaskiya aikin gidan ya fi burge ni, domin duk yaron Tryon da ya shiga ɗakunan nan zai ga irin talaucin da ta fito ciki, kuma dole a ba shi labarin kujerun iyayenta.

Sai wani malam daga Kano yana tambaya ko ta taɓa zuwa Afirka. Ƙwarai kuwa malam, ta yi wasa a Legas a 1961, daga baya ma ta zauna a Laberiya a shekarun 1970. Ku ci gaba da turo wasiƙunku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.