Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Makarantar Nisshinkan ta Aizu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. 'Yan majalisar Sarki, hakimai, malamai da sauran iyayenmu da ke cikin tawaga, Allah ya ƙara girma.

A madadin ɗalibai da ma'aikata 'yan gida mazauna ƙasar Japan, muna yi wa Mai Martaba barka da zuwa, barka da hanya. Tasowa daga Tokyo zuwa Koriyama, a sauya jirgi a ratso duwatsu har Aizu-Wakamatsu, tafiya ce ta kusan awa uku. Sarki ya ɗauki wannan gajiya don ya ga wata makaranta da idonsa, kuma mun san darajar hakan. Allah ya huce gajiya.

Ranka ya daɗe, ginin da ke gabanmu sabon gini ne. Ainihin Nisshinkan tana yamma da fadar Tsuruga ne, a cikin gari, kuma ta ƙone ƙurmus a yaƙin basasa na 1868. A 1987 aka sāke gina ta a nan Kawahigashi bisa tsarinta na dā. Abin da ya saura a tsohon wurin shi ne ragowar dandamalin dutse da ɗalibai ke hawa su duba taurari.

Yunwa ce ta haifi wannan makaranta. Daga 1782 ƙasar Japan ta shiga shekarun baƙar yunwa, Aizu kuma ta ji jiki: gonaki sun mutu, baitulmali ya bushe, tarbiyyar barade ta lalace. Wazirin ƙasar, Tanaka Harunaka, ya shawarci sarkin Aizu na biyar, Matsudaira Katanobu, cewa gyaran ƙasa daga gina mutum yake farawa. Wani attajirin gari, Suda Shinkuro, ya ɗauki mafi yawan kuɗin aikin, aka kammala a 1803 bayan shekara biyar ana gini. Sunan daga wani tsohon littafin ƙasar Sin aka ɗauko shi, ma'anarsa sabunta kai kullum. Ɗalibanta sun kai dubu, dukansu 'ya'yan samurai ne, wato barden sarki, kuma dukansu maza.

Abin da muka fi so Mai Martaba ya lura da shi yana faruwa ne tun kafin yaro ya taka wannan ƙofa. A wancan zamani, daga shekara shida zuwa tara, yaran unguwa ɗaya sukan haɗu rukuni na kamar goma, ana kiransa ju. Kullum a taru a gidan ɗaya daga cikinsu bi da bi, babban cikinsu ya karanto ƙa'idoji: kada a saɓa wa na gaba, a rusuna wa na gaba, kada a yi ƙarya, kada a yi aikin ragwanta, kada a zalunci mai rauni, kada a ci abinci a kan titi, kada a tsaya hira da mata a waje. Sai a rufe da jumlar da har yau ake ganinta a bangon makarantun garin nan: abin da bai halatta ba, bai halatta ba. Daga nan a tambaya ko akwai wanda ya karya doka jiya. Ƙaramin laifi, yaro ya tashi ya nemi gafarar 'yan'uwansa. Wanda ya fi haka, a ɗan buge shi a hannu. Mafi tsanani shi ne a ƙaurace masa, ba mai wasa da shi har sai uba ko wa ya rako shi an ba da haƙuri. Yara ne ke hukunta junansu, manya na gefe suna sa ido. Shi ya sa malamin da ya karɓe su a shekara goma ba ya ɓata lokaci wajen koya musu zama.

Ga yadda za mu bi. Ta ƙofar kudu za mu shiga, mu wuce ƙofa ta biyu inda a dā ake buga tambarin da ke sanar da lokaci. A ɓangaren gabas akwai ɗakunan karatun farko, an zaunar da mutum-mutumi a cikinsu kamar ana darasi. Duk inda aka ga tabarmar tatami to ba a hawanta da takalmi, kuma ba a taka bakin tabarmar ko dokin ƙofa, tsallakewa ake yi. Salon karatun ba baƙo ba ne ga malamanmu: malami ya biya, yaro ya maimaita da ƙarfi har ya zauna a ka, fassara sai daga baya. Littattafan Konfushiyas, wani shahararren malamin ƙasar Sin na dā, ake biyawa, tare da wani littafin ladabi na yara da sarki Katanobu ya sa aka tsara. Aji huɗu ne, da jarrabawa ake haye kowanne. Wanda ya yi fice ya wuce babban sashe, haziƙan cikinsu kuma a tura su Edo, wato Tokyo ta yau. Akwai kuma sashen likitanci, da na ilimin taurari, da na rubutun hannu, da na ladabin zama da cin abinci.

Babban zauren da ke tsakiya an gina shi ne don girmama Konfushiyas, akwai gunkinsa a ciki. Kallo kawai za mu yi mu wuce, babu wanda zai nemi baƙo ya rusuna.

Bayan zauren akwai kwatankwacin tafkin da ake cewa shi ne mafi daɗewa a Japan cikin waɗanda aka haƙa don koyon iyo. Da sulke da kwalkwali ɗalibai ke shiga, wani lokaci har da doki. Dalilin a fili yake: Aizu ƙasa ce ta koguna, barden da bai iya ƙetare ruwa da kayan yaƙinsa ba, nauyin da ke kare shi a tudu shi zai nutsar da shi.

A filin harbi za a ba matasan tawaga dama su gwada baka. Tsawonsa ya ɗara mita biyu, kuma ba a tsakiya ake riƙe shi ba, ana kama shi ne a kusan kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa. Kibiya a gefen dama take zama, da babban yatsa ake jan tsirkiya. A ƙa'idar gasa nisan abin hari mita 28 ne, faɗinsa santimita 36. Mataki takwas ake koyarwa yau: a kafa ƙafafu, a daidaita jiki, a ɗana kibiya, a ɗaga baka sama da kai, a ja ana saukowa da hannu biyu daidai, a tsaya a cikakken ja, a saki, sannan a dakata a yadda ake har kibiya ta isa. Sabon hannu yakan damƙe baka da ƙarfi, sai ya hana shi juyawa, tsirkiya ta dake shi a damtse ko a kunci. Wani kuma yakan matse gindin kibiya da yatsu har ta zame ta faɗi kafin a saki. Mai tabarau ya yi hattara, a kuma naɗe hannun babbar riga sosai, don tsirkiya na kama duk abin da ke lilo.

Idan mun fito za a yi sallar azahar a ɗakin da aka keɓe. Alƙibla a nan yamma take, da ɗan karkata arewa.

Da yamma sai fadar Tsuruga, inda gidan tarihin garin yake a cikin doguwar hasumiya mai hawa biyar. An rushe ta asali a 1874, aka sāke ginawa da kankare a 1965, amma harsashin dutsen da take kai tsoho ne, ya haura shekara 400. Rufinta ja ne, kuma da dalili. Baƙin tayil na shan ruwa, idan sanyin hunturu ya daskarar da ruwan sai ya tsage. Maginan Aizu suka shafa masa wani ruwan ƙarfe kafin gashi, ya fito ja, ruwa ba ya shigarsa. A 2011 aka mayar wa hasumiyar wannan jan rufi. Hawan da matakala ne, don haka za mu bi a hankali, hawa ɗaya bayan ɗaya.

Mai Martaba zai ga hasken ɗakunan a dushe. Da gangan ne: haske mai ƙarfi na cin tsohuwar takarda da siliki, yana dusar da ƙyallin kwanukan fenti da aka san Aizu da su, shi ya sa ake hana walƙiyar kamara. Fentin ruwan wata bishiya ne da ake kira urushi. Bishiya ɗaya, bayan an yi renonta sama da shekara goma, abin da take bayarwa bai wuce kimanin giram 200 ba, kuma da laima yake bushewa, a busasshiyar iska sai ya ƙi kamawa. Takubba ma a bayan gilashi suke, domin gumin yatsa ko numfashi kaɗai na iya sa musu tsatsa.

A can ne za a ga ɗaci a tarihin wannan makaranta. Sarkin Aizu Matsudaira Katamori ya karɓi aikin tsaron birnin Kyoto a 1862 don biyayya ga gwamnatin Shogun, wato shugaban baraden da ke riƙe da mulkin Japan a lokacin. Da gwamnatin ta faɗi, sabbin mahukunta suka juyo kan Aizu, suka yi wa fadar ƙawanya wata guda suna luguden igwa. Akwai hoton hasumiyar bayan yaƙin, duk jikinta ramuka. Cikin masu kare gari har da rundunar Byakkotai, samari 'yan shekara 16 da 17, ɗaliban Nisshinkan. Ashirin daga cikinsu suka tsira zuwa dutsen Iimori, suka hango hayaƙi ya turnuƙe gari, suka zaɓi kashe kansu gudun kamu. Sha tara suka mutu. Ɗaya, Iinuma Sadakichi, aka cece shi, ya rayu ya zama injiniyan wayar tangaraho. Addininmu ya haramta abin da suka yi, kuma zuciya na ƙuna idan aka tuna yara ne. Tarbiyyar da ta hana su ƙarya da ragwanta ba ta koya musu cewa ransu amana ce ba. Bayan yaƙin aka kwashe dubban iyalan barade zuwa Tonami, can ƙarshen arewa, ƙasar da ƙimar shinkafarta ba ta kai kashi ɗaya cikin bakwai na ta Aizu ba, mutane da yawa suka mutu da sanyi da yunwa.

Duk da haka iri bai ƙare ba. Yamakawa Kenjiro, ɗalibin wannan makaranta da ya ga ƙawanyar yana yaro, ya je jami'ar Yale a Amurka ya karanci kimiyyar fiziks, ya dawo har ya shugabanci jami'ar Tokyo. A kan hanyarmu kuma za mu ratsa titin da aka sa wa sunan Dakta Noguchi Hideyo, ɗan Inawashiro da ke kusa da nan, wanda ya fara koyon likitanci a garin nan, ya rasu a Akra a 1928 yana binciken cutar shawara. 'Yan'uwanmu na Gana sun san cibiyar binciken lafiya mai sunansa a Legon.

Allah ya taimaki Sarki, masu kula da makarantar suna tsaye a ƙofar kudu suna jiran isowarka. Zagayen zai ɗauki kamar awa ɗaya da rabi. Allah ya sa a yi ziyara lafiya, ya mai da Mai Martaba da tawagarsa gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.